An musanya mini katin ATM, an kwashe har da ajiyar ƙanwata: wa zai biya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina sayar da atamfa a babbar kasuwar Katsina. Ranar Juma'a bayan la'asar na tsaya cirar kuɗi a wata na'urar ATM da ke kan titin IBB, sai ta yi ta maido mini da katin. Wani saurayi tsaf-tsaf da ke bayana ya ce in kawo ya gwada mini. Na miƙa masa, ya goga katin a rigarsa ya saka, na danna lambar sirri yana tsaye. Kuɗi ba su fito ba, ya zaro ya ba ni. Ashe ba nawa ba ne. Kafin isha'i an kwashe naira 640,000, kuma 200,000 daga ciki kuɗin adashen ƙanwata ne da ta ba ni ajiya. Wani kaso ya shiga asusun wani yaro, da aka same shi ya ce shi aron lambar asusu kawai ya bayar. Mahaifina ya ce in bar wa Allah. Wani kuma ya ce in ba shi 50,000, yana da mutum a cikin banki. Malam, bin kuɗin nan ya saɓa wa tawakkali? Banki zai biya ni? Ni kuma zan biya ƙanwata?

Daga wani bawan Allah, Ƙofar Marusa.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwana.

Bin hakkinka bai ci karo da tawakkali ba. Allah ya ce a Suratus Shura, aya ta 41, waɗanda suka nemi hakkinsu bayan an zalunce su babu laifi a kansu. Maganar Baba ta tausayi ce, yana gudun kada ka ƙare takalminka tsakanin banki da ofishin 'yan sanda, don haka ka lallaɓa shi da ladabi. Kana da ikon yafe naka kason, kuma akwai lada, amma ba ka da ikon yafe na ƙanwarka. Sannan saurayin da ya goga katinka a rigarsa gobe yana bayan wani dattijo a wata na'urar. Ni dai abin da nake gani, kai ƙara a irin wannan ya fi shiru.

Da gaggawa ake yi, domin kuɗin sata ba sa kwana a asusu ɗaya. Ana rarraba su ne, a cire wajen masu POS. Idan ba ka rufe katin ba, ka rufe shi yanzu. Ka je reshen bankinka ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin, ka nemi takardar shige da ficen kuɗinka. Ka roƙi su tuntuɓi bankin da kuɗin suka faɗa don a dakatar da asusun can, ka kuma kai rahoto ga 'yan sanda, domin sau da yawa sai da umarnin kotu ake maido da abin da aka riƙe. In mako 2 ya wuce banki bai ce maka komai ba, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare hakkin masu hulɗa da bankuna, kuma yana da reshe a nan Katsina. Hukumar EFCC ma tana karɓar irin wannan ƙara, akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2015. Katin bogin da ya bar maka kada ka jefar, shaida ne, wataƙila ma na wani ne da aka cuta kafin kai.

To, wa shari'a ta ɗora wa biya? Na farko ɓarawon. Annabi (SAW) ya ce abin da hannu ya karɓa yana kansa har sai ya mayar, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Samura. Ko ya cinye, bashi ne a wuyansa. Hukunta shi kuwa aikin alƙali ne. In an kama shi kada ku taru ku yi masa duka.

Yaron da ya ba da aron asusu shi ma wannan hadisin ya hau kansa, domin kuɗin ta hannunsa suka bi. Tun da aka fito da BVN, wato lambar tantance mai asusu, a 2014, ana ɗaure asusun banki da mutum guda da yatsunsa, ba rigar aro ba ce. In ya san na sata ne, ko an yanka masa wani abu, abokin tarayya ne, Allah kuwa ya hana taimakekeniya a kan zunubi a Suratul Ma'ida, aya ta 2. In da gaske yaudararsa aka yi, zunubi ya sauka daga kansa, amma abin da ya rage a asusun naka ne, dole ya mayar, ya kuma nuna wanda ya ara wa. Sauran da suka fita, alƙali ne zai duba ko ya yi sakacin da zai sa ya biya. Samarinmu su ji wannan da kyau, don ana yawan zuwa musu da "ba ni lambarka za a turo mini saƙo".

Batun banki yana buƙatar natsuwa. Kuɗin da ke asusunka, a fiƙihu, bashi ne ka ba banki ko da muna kiransu ajiya, domin yana juya su. Haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar game da asusun da ake cira a duk lokacin da aka so, a zamanta na Abu Dhabi a 1995. Wanda ake bi bashi kuwa ba ya kuɓuta da cewa an yi masa sata. Saboda haka da a ce kuɗin sun fita katinka yana aljihunka, ba ka faɗa wa kowa lambarka ba, ta hanyar kutse ko ha'incin wani ma'aikaci, da banki zai biya ka daram. Naka ya bambanta. An zo da katinka na gaskiya da lambarka ta gaskiya, alhali ranar da ka buɗe asusu ka sa hannu cewa za ka tsare su, Musulmi kuma suna kan sharuɗɗansu. Ban ga yadda za a ɗora wa banki abin da ya fita kafin ka sanar da shi ba. Amma duk abin da ya fita bayan ka sanar, saboda sun yi nawa wajen rufewa, nasu ne. Shi ya sa lokacin da ka kira su, da awarsa da mintinsa, yake da nauyi. Kada ka goge shi daga wayarka.

Sai kuɗin ƙanwarka, kuma nan ne amsar za ta yi maka ɗaci. Asali wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Haɗa kuɗinta da naka a asusu ɗaya don tsaro bai sa ka zama mai biya ba. Malaman Malikiyya sun ce in an gauraya abu da irinsa don adanawa, sannan wani kaso ya salwanta, a raba asarar gwargwadon rabon kowa. Da ƙarfi aka ƙwace katin, da mun ce haka. Amma kai da hannunka ka miƙa shi ga wanda ba ka sani ba, ka danna lamba yana kallo. Abin da ake kira sakaci al'ada ce ke fayyace shi, kuma a yau duk ɗan kasuwa ya san wannan sakaci ne: daidai yake da ka ba baƙo makullin shagonka ka nuna masa inda akwatin kuɗi yake. Abin da ya rinjaya a wurina, za ka biya ta 200,000 ɗinta, ko an gano kuɗin ko ba a gano ba. In kuma ka taɓa juya su a cinikin atamfa ba ka mayar ba, to dama sun zama bashi a kanka tun kafin satar. In ta yafe da daɗin rai ko ta rage, ya halatta, amma kada a taru a kanta da "ai yayanki ne" har ta yafe don kunya. Ka faɗa mata gaskiya, ku tsara biya kaɗan-kaɗan.

Mai neman 50,000 ka rabu da shi. Ko dai damfara ce ta biyu, don masu wannan sana'a sun san wanda aka cuta yana cikin ruɗewa, ko kuma rashawa ce ga ma'aikacin da ake biyansa albashi don wannan aikin, an kuwa la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Sauƙin da wasu malamai suka yi ga wanda hakkinsa ba zai fito ba sai da ita bai shafe ka ba, ƙofofin halal ba su rufe ba. Ladan lauya halal ne. Haka ka ce wa mutum "in ka gano mini kuɗina ta hanyar da doka ta yarda kana da kaza", wannan jinga ce, amma a mazhabarmu ba a sharɗanta biya kafin aiki. Boka da mai duba ma haka: Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Addu'arka ta isa, babu shamaki tsakanin addu'ar wanda aka zalunta da Allah, sai dai kada ka haɗa da iyayen ɓarawon da zuriyarsa.

Nan gaba, tsare dukiya wajibi ne. "Ɗaure ta, sannan ka yi tawakkali" Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙuma. In na'ura ta ƙi, ka zare katinka ka tafi, ko ka nemi ma'aikacin banki a ciki. Ka rufe madannan da tafin hannu, ko a wajen mai POS ɗin unguwarku ne, ka kuma duba katin da aka maido maka kafin ka sa aljihu. Kada lambar sirri ta zama shekarar haihuwarka, kada ka rubuta ta a bayan kati. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri ko lambar da ya turo maka ta tes. In waya ta ɓace, ka rufe layin da asusun a ranar. Bankuna suna da gajeriyar lambar rufe asusu da ake dannawa ko daga wayar wani, ka tambayi ta bankinka ka haddace. Ajiyar mutane kuma a ware mata asusun da ba a yawo da katinsa.

Ba ka tambayi zakka ba, amma za ta taso. Babu zakka a kan kuɗin muddin suna hannun ɓarawo. In sun dawo bayan shekaru, kuma sun kai nisabi, zakkar shekara 1 za ka fitar. Haka Imam Malik ya ruwaito daga Umar ɗan Abdul'aziz game da dukiyar da aka ƙwace bisa zalunci.

Wallahu a'alam.