Za Mu Kai Yara Legas Hutu: Ina Ya Cancanci Kuɗinmu?

Tun da aka fara ƙirga kwanakin dogon hutu saƙonnin da ke shigo mini suka koma abu guda: tafiya Kurmi da yara. Na ɗebo huɗu daga ciki. Ta farko za ta ci fili, don amsarta ta shafi sauran.

Wata uwa daga Ƙofar Ƙaura ta rubuto: "Salamu alaikum Hajiya. Maigidana yana aiki a Legas, ya ce mu je mu yi sati ɗaya. Yarana uku, babban shekararsa 13, mai bi masa 9, auta tana 4. Kuɗin yawon ba su da yawa. An turo mini jerin wurare 12 ta WhatsApp. Da wanne zan fara, wanne zan bari?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki fara da ajiye jerin nan gefe. A Katsina in kin baro Gidan Korau za ki kai tsohuwar hasumiyar Gobarau kafin shayi ya huce. A Ikko gosulo ke yanke wa mutum nisan wuri. Zuwana na farko da yara na yi wayon haɗa wurare biyu a yini ɗaya, ɗaya a wannan gefen gari, ɗaya a wancan. Na biyun ko ƙofarsa ba mu gani ba. Mun yi azahar a mota, muka yi la'asar a mota, autata ta yi amai a jikin mayafina, direban da na yi shata kuma ya ce tunda dare ya yi sai an ƙara masa. Laifina ne. Taura biyu ba ta taunuwa. Ki tsara wuri ɗaya a yini, ki fita da sassafe, ki bar kwana biyu babu fita ko'ina.

Idan fita ɗaya tal za ki iya biya, ki nufi unguwar Onikan a cikin tsibirin Legas. Nan ne Gidan Tarihi na Ƙasa yake, wanda aka buɗe a 1957, kuma kuɗin shigarsa bai kai na wuraren wasan zamani ba. Akwai kayan tagulla na Benin, akwai sassaƙen yumɓu na Nok da ya haura shekara 2,000, wanda aka haƙo a kudancin Kaduna. Amma abin da zai tsayar da ɗan Bahaushe cak shi ne baƙar Marsandin nan da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan. Tana nan a ajiye da ramukan harsashi a jikinta.

Ki tafi da takardar naira 20 a jaka. Da kun isa gaban motar ki miƙa wa mai shekara 9, ki ce ya dubi fuskar da ke jiki. Haka na yi wa nawa. Ya dubi kuɗin, ya dubi motar, ya sake duban kuɗin, sai ya rage murya kamar a masallaci ya ce, "Mama, shi ne?" Daga nan tambayoyi suka ɓalle: ɗan ina ne, me ya yi musu, ina aka rufe shi. Na ce Bakano ne, kabarinsa yana Kano, mulkinsa bai wuce wata shida da 'yan kwanaki ba, kuma a zamaninsa aka yanke shawarar mayar da babban birni Abuja. Da muka dawo gida ya ƙi kashe naira 20 ɗin.

Ki sani dai gidan kallo ne na tsayuwa da karatu, babu lilo babu abin hawa. Auta za ta gaji kafin awa ɗaya, don haka a samu babba guda da zai fita da ita waje ta sha iska. Tsallaken titi akwai Cibiyar John Randle ta tarihi da al'adun Yarabawa, wadda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2023. Sabon gini ne, tsarin nuninsa na zamani, da haske da sauti, yara sun fi sakewa a ciki. Ga Dandalin Tafawa Balewa nan kusa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu a 1960. In da sauran ƙarfi, Freedom Park yana kan titin Broad: tsohon gidan yarin Turawa ne da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, inda aka taɓa tsare su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. Da rana za ki je, don da dare wurin kiɗa ne. Waɗannan duka unguwa ɗaya ce, shi ya sa na lissafa su a matsayin fita ɗaya.

Na san abin da wasu iyaye ke ji a ransu ba su faɗa: gidan tarihi ai gidan gumaka ne. Gaskiya akwai mutum-mutumi da kayan dodanni a ciki, ba zan ɓoye miki ba. Ni ba malamar addini ba ce, in abin ya tsaya miki ki tambayi malaminku kafin tafiya. Abin da na yi wa nawa shi ne na faɗa musu tun a gida cewa za su ga abubuwan da mutanen da suka ƙera, wasu don bauta, wasu don ado, mu kallo ya kai mu.

Sannan kafin ki kashe ko kwabo a Legas, ki gwada su a gida. Gidan tarihinmu na nan Katsina yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu. Ki kai su wata Asabar, ki ga wanda ke tsayawa ya yi tambaya da wanda ke jan zanenki a tafi. Yaron da ya shiga ajin da Tafawa Balewa ya zauna, in ya tsaya a dandalin da ke ɗauke da sunansa a Ikko, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wani magidanci daga Daura ya ce: "Hajiya, ɗiyana ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce na dam ba. Sun matsa sai an kai su teku. Ƙanena kuma ya ce gara dajin Lekki mai gadar sama. Wanne ya fi?"

Alhaji, ka kai su duka biyun amma a ranaku dabam, kuma kuɗin ka zuba su a dajin. Lekki Conservation Centre an kafa shi a 1990, fili ne mai faɗin hekta 78 na kurmi da fadama da aka hana gari ya cinye. Ana tafiya ne a kan gadar katako a ƙarƙashin itatuwa, birai na tsalle a sama, ga ɗawisu, ga kunkuru. Yaron da ya tashi cikin ƙaya da aduwa da yashi, ganin daji mai duhu da tsakar rana kaɗai ya ishe shi labari.

Gadar saman da ƙanenka ke faɗa tsawonta mita 401, tana rataye a tsakanin itatuwa, tana lilo in an taka. Kuɗinta dabam ne da kuɗin shiga, kuma akwai ƙa'idar shekaru, ba a barin ƙananan yara su hau. Saboda haka kar ka yi wa kowa alkawarinta tun daga Daura. Ka tambaya a ƙofa kafin ka yanki tikiti, kada a raba maka yara gida biyu, masu hawa da masu kuka. Kowa ya sa kambas ko takalmi sau-ciki, silifas na zamewa a kan jiƙaƙƙen katako. Abinci kuma a ɓoye shi cikin jaka a zuge. Biran wurin sun saba da mutane, sun san ƙarar leda, fizge suke yi ba sa roƙo.

Teku kuwa kallonta za a je yi. Igiyar ruwan Atilantika tana ja da ƙarfi ta ƙasa, har ƙwararrun masu iyo tana ci. Ruwa iya idon sawu, hannun yaro cikin hannun babba, shi ke nan. In wani tsohon ɗan Kurmi ya ce maka ku je Bar Beach, labarinsa ya tsufa: an cike wurin da ƙasa an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Yawancin bakin tekun da suka rage a hannun 'yan kasuwa suke, ana biyan kuɗin shiga, sannan a sake biya in za a zauna a rumfa ko yaro zai hau doki. Ka yi cinikin komai kafin a zauna. Ka je da safe a ranar aiki. Yammacin Asabar da Lahadi kiɗa ne da shigar da ba za ka so amsa tambayar yara a kanta ba. Dokin kuwa, ɗan Daura da ke ganin hawan Sallah a ƙofar gida, ban ga dalilin biyan kuɗinsa ba.

Wani malamin sakandare daga Sabuwar Unguwa ya tambaya ko Badagry ta cancanci wahalar zuwa, da 'ya'yansa biyu, 15 da 17.

Malam, ga masu waɗannan shekaru ta cancanta. Ga ɗan ƙasa da 10 ban ba da shawara ba. Badagry tana can yamma kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, yini guda za ta ci cur, kar ka haɗa ta da komai. Tashar fitar da bayi ce a da. Za su ga sarƙoƙi da mari na ainihi, za su shiga ɗakunan da ake tara bayi a gidan Seriki Abass (wannan "Seriki" ɗin sarkinmu ne na Hausa ya shiga bakin Yarabawa), sannan a tsallaka da kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu a taka da ƙafa har bakin tekun da ake loda mutane, inda ba a dawowa. Kar kowa ya shiga kwale-kwalen sai an ba shi rigar nan mai hana nutsewa. Masu yi wa baƙi jagora suna da yawa, ka daidaita da mutum ɗaya a kan kuɗi tun farko.

Za kuma a nuna muku wani bene na 1845 da 'yan mishan suka gina, a ce shi ne bene na farko a Najeriya. Ka bar yaran su saurara cikin ladabi. In kun fito ka tambaye su shekarun Gobarau.

Ta ƙarshe daga wata ƙanwata ce a Ƙofar Marusa: yaushe ya fi dacewa a tafi, da me za a tafi, me za a sayo?

Ƙanwata, Yuni da Yuli ruwa ne kamar da bakin ƙwarya a can, tituna su cika. A watan Agusta yakan ɗan sarara, kuma ya yi daidai da dogon hutu. Disamba ba ruwa sosai, sai dai gari ya cika da masu dawowa hutu, masauki da mota duk su yi tsada. Ko yaushe kika je za ki haɗu da zafi mai gumi da jikinmu bai saba da shi ba, don haka kaya marasa nauyi, da lema, da maganin sauro. In ta mota za ku bi, tafiya ce ta yini da kwana. Da ƙaramin yaro, in hali ya yi, jirgin sama ya fi, a rage kuɗin daga wajen tsaraba.

Ki ɗauki dambun nama da kilishi da ƙuli-ƙuli daga gida, don abincin da ake sayarwa a wuraren yawo tsada gare shi, yajin Yarabawa kuma ba kowane ciki ke ɗauka ba. In kewar tuwo ta taso, Agege da Idi-Araba da Obalende cike suke da 'yan'uwa. Kar ki sa rai da acaɓa, an hana shi a manyan sassan gari. Kowane yaro a rubuta masa lambar wayarki a takarda a sa a aljihu, a kuma koya masa ta da ka. Kasuwar Balogun ba wurin zuwa da yara ba ce, ki bar su a gida ki je ke kaɗai.

Tsaraba, ki bar robobin wasan da ake sayarwa a ƙofar shiga, irinsu na nan a Babbar Kasuwa da sauƙi. Ki sayi adire, rinin Yarabawa mai kama da namu na marina. In kina son ganin mai kyau kafin ciniki, ki leƙa gidan zane-zane na Nike a Lekki, shiga kyauta ne, sai dai a riƙe hannun masu taɓe-taɓe.

Kuma ki ware musu kuɗin jirgin ƙasa na lantarki, Blue Line, da ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023 daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13. Da katin Cowry ake biya, a tasha ake sayensa a zuba kuɗi. Ki kauce wa lokacin zuwa aiki da na tashi, ki samar musu gefen taga. Jirgin yana bi ta saman ruwa, za su hango Babban Gidan Wasa na Ƙasa a Iganmu, mai siffar hular soja, wanda aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a cikinsa a 1977. Nawa da muka isa Mile 2 ƙin sauka suka yi, sai da na sake biya muka koma Marina.