Taswirar hoto ta ƙi aiki a sabar Apache

Ɗan'uwa, ka ce in ka danna taswirar hotonka, wato hoton da kowane sashensa ke kai mutum wani shafi, rubutun fayil ɗin .map mai ɗauke da jerin sassan ke fitowa maimakon shafi. Apache ce ba ta gane fayil ɗin ba. Kunna mod_imagemap, ɓangaren Apache mai karanta irin wannan fayil, a Ubuntu da umarnin a2enmod imagemap, ka ƙara layin AddHandler imap-file map a saitin Apache, ka sake tayar da sabar.

Sannan duba adireshin bayan ka danna. In babu lambobin wurin da ka danna, irin ?120,45, a ƙarshensa, kalmar ismap ka manta a cikin img, alamar HTML ta hoton. Abin da ya taɓa hana ni barci kuwa, CSS, mai tsara kamannin shafi, ce ta rage girman hoton, lambobin suka daina dacewa da na rect, wato sassa masu kusurwa huɗu da ke cikin fayil ɗin .map. Don Allah bar hoton a girmansa na asali.