Amsa kan tunawa da kakanku ɗan Bama

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga lambobin sojan kakanku, Allah ya jiƙansa, a adakar Hajiya, kana tambaya ko al'ada ta yarda a yi taron tunawa da jarumtarsa a yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A Kano ba mu san kai furanni kabari ba. Mamaci addu'a yake buƙata: a sauke Alƙur'ani, a yi sadakar abinci, in an sami haihuwa a mayar da sunansa, a riƙa kiran yaron Abba saboda kunya. Ba da labarin mazan jiya kuwa ba laifi ba ne, muddin ba a ƙara gishiri ba. Nan ne nake so ka yi aiki.

Fara da lambobin. Tauraron da ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefe shuɗi da ruwan lemo, na Bama ne. Mai ƙyalle ruwan ƙasa da jan ratsi na Afirka ne, alamar ya yi yaƙin Habasha, yaƙin da sojojinmu suka shiga Mogadishu ta Somaliya a 1941. Waɗannan shaidar halarta ce, ba a ma buga suna a jikinsu. Zagayayyar nan mai zaki a baya ita ma haka, kada ta ruɗe ka. Lambar jarumta ta azurfa ce, ana kiranta MM ko DCM a taƙaice, da suna da lambar soja a bakinta, kuma ana buga sunan mai ita a London Gazette, jaridar sanarwa ta gwamnatin Birtaniya. In babu ita, kada ka ce an ba shi.

Duba bajen kafaɗa in yana nan. Baƙin gizo-gizo na runduna ta 81 ne, waɗanda suka yi kwarin Kaladan a 1944. Mashi biyu a gicciye kan gammo na ta 82 ne, waɗanda suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Gammon nan ba ado ba ne. Dajin ba hanyar mota, a ka ake ɗaukar harsasai da abinci, ana haye duwatsu cikin ruwan sama. In ka tarar ɗan dako ne shi, faɗi haka da alfahari.

Inda bincike ke cijewa shi ne suna. Da yawa an rubuta su da sunan gari, Audu Kano ko Musa Kano, ba da sunan uba ba. Don haka lambar da ta fara da NA a takardar sallamarsa ita za ka riƙe.

Tsofaffin gida kuma ka same su ɗai-ɗai, ka naɗi muryarsu a waya, don in ka tara su babba kaɗai zai yi magana. Kada ka sa musu magana a baki. Tambayi Hajiya ranar da ya dawo, abin da ya zo da shi, abin da yake ƙin ji. Ba za ta ambaci sunansa ba, kada ka matsa mata.

Lambobin kada a goge su da toka ko lemon tsami, ƙyalle mai laushi ya isa. Takardar kada a liƙe ta da leda mai zafi, tana lalata ta. Ka ɗauki hotonta shafi-shafi, ka sa ta a ambulan, ka ɗaga adakar daga ƙasa saboda gara da danshin damina.

Ka gaida mahaifiyarka.