An ce in sa hannu a takardar ƙarya: me Romawa 13 ta ce?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a wata ƙaramar hukuma a jihar Gombe. Shugabana ya kawo takarda in sa hannu cewa an kammala gyaran wasu azuzuwa, alhali ko bulo ɗaya ba a ɗora ba. Wani dattijon ikkilisiyarmu ya ce Romawa 13 ta umarce mu da biyayya ga hukuma, in sa hannu kawai, alhakin yana wuyan mai ba da umarni. Matasanmu kuwa cewa suke a fito zanga-zanga. Ina zan dosa?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sa hannu. Baba dattijo ya karanta nassin daidai, amma ya ɗora shi inda bai zauna ba.

Bulus ya rubuta wa Romawa wajen shekara ta 57, Nero yana kan gadon sarauta, don haka ba gwamnatin masu bi yake nufi ba. Duk da haka ya ce a biya haraji, a girmama masu mulki, domin Allah ne ya kafa tsarin hukuma. Bitrus ya faɗi irin wannan a 1 Bitrus 2:13-17. Wannan shi ne ƙa'ida ta kullum: haraji, dokar hanya, dokar hana fita idan gari ya rikice, duk Kirista yana bin su ko ba ya son mai mulkin. Amma dubi aya ta 4 ta Romawa 13, wadda ta kira mai mulki bawan Allah domin amfanin jama'a. Bawa kuwa ba shi da ikon soke dokar maigidansa, kuma shaidar zur tana cikin Dokoki Goma. Ballantana ma, shugabanka ba shi ne hukuma ba a wannan magana. Dokar ƙasa ta haramta abin da yake nema, saboda haka ƙin sa hannun shi ne biyayya ga hukuma.

A Littafi Mai Tsarki ana ƙin umarni ne a wuri biyu: idan an tilasta maka aikata abin da Allah ya hana, ko an hana ka abin da ya umarta. Ungozomomin nan Shifra da Fu'a sun ƙi kashe jarirai a Fitowa 1. Shadrak, Meshak da Abednego sun ƙi rusuna wa gunki. Manzanni, a Ayyukan Manzanni 5:29, sun ce biyayya ga Allah ita ce gaba. Lura da yadda Daniyel da abokansa suka yi: sun ƙi abu guda a fili, ba su ɗauki makami ba, ba su kuma gudu daga hukuncin ba. Nan ne mutane da yawa ke zamewa. Suna son ƙin, ba sa son wahalar da ke biyo bayansa.

To, ga abin yi. Ka same shi ku biyu, cikin ladabi, ka ce, "Ranka ya daɗe, ban ga aikin ba, ba zan iya shaida shi ba." Idan ya matsa, ka roƙi umarnin a rubuce, yawanci a nan maganar ke mutuwa. Ka rubuta dalilinka a taƙaice, da kwanan wata, ka ajiye kwafi a gida, ba a durowar ofis ba. Idan aka ba ka takardar tuhuma, ka amsa cikin wa'adin da aka rubuta a kai. Kada ka daina zuwa aiki, kada ka fara da Facebook. Waɗannan biyun ne ke ba su hujjar hukunta ka a kan wani laifi dabam, a manta da azuzuwan. Bayan haka akwai ƙungiyarku ta ma'aikata, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, da ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa, wadda aka kafa a 2000 domin irin wannan. Ka shirya ranka fa: ana iya tura ka wani ƙauye mai nisa ko a riƙe maka ƙarin girma. Ka sanar da iyalinka da fastonka tun yanzu.

Kai ƙara ba tawaye ba ne. Bulus da kansa ya ƙi fita kurkukun Filibi a ɓoye sai da mahukunta suka zo da ƙafarsu, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar.

Batun zanga-zanga kuwa, sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin taruwa cikin lumana, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba. Duk da haka a sanar da su a rubuce, da hanya da lokaci, domin tsaro. A naɗa masu tsare layi, a kuma yarda tun daga gida cewa da zarar 'yan daba sun shigo ko an fara jifa, kowa ya watse. Sai dai a wannan lamari naka, fita zanga-zanga yanzu garaje ne. Matasa su fara ɗaukar hoton azuzuwan, su rubuta koke da sa hannun iyayen yara, su kai wa kansila da ɗan majalisar jiha na mazaɓarku, su karɓi shaidar an karɓa.