Amsa: wankin rigar tseren mota mai kariya daga wuta

Ka tambaya ko wanki zai rage wa rigarka ta Nomex (wani yadi da ba ya saurin kama wuta) ƙarfin kariya daga wuta. A'a, wanke abarka. Juya ta baibai, ka ja zif, ka manne Velcro (maɗaurin da ke mannewa), ka sa ta ita kaɗai a injin wanki da ruwan da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, da sabulun ruwa marar ƙarfi. Kada bilic ya kusance ta, cin zaren yake yi. Ruwan tausasa tufafi ma ka bar shi, don saurar da yake bari a yadi tana kama wuta. Shanya kuwa a inuwa, rana tana raunana Nomex.

Sai dai ka fara duba lakabin rigar. Ita Nomex kariyarta a cikin zaren take, amma riguna masu araha na auduga da aka jiƙa da sinadari, yawan wanki na rage musu ƙarfi. Ni a wajena dauɗa ta fi wanki haɗari: man inji ko fetur da ya jiƙa gwiwa da hannu zai ci wuta ko da yadin bai ci ba. In tabon ya ƙi fita, ko ɗinki ya warware, daina amfani da ita kawai. Rigar da ke da lambar FIA 8856-2018 (ma'aunin hukumar tseren motoci ta duniya) ma shekara 10 ne wa'adinta.