Ziyarar Gidan Makama da marina ga 'yan aji biyu: karatu ne ko yawo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce a birnin Kano, kuma 'yata mai shekara 7 tana aji biyu na firamare. Makarantarsu ta aiko da takarda cewa za a kai su Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, an kuma nemi mu biya kuɗin mota da na shiga. Ban da wannan, kusan kullum idan ta dawo sai ta ce yau sun yi waƙa, ko sun ƙirga murafen kwalba, ko sun shuka wake a gwangwani, alhali har yanzu tana inda-inda wajen karanta jimla guda. Mahaifinta yana ganin duk ɓarnar lokaci ce da kuɗi. Shin mu bar ta ta je, kuma wannan salon koyarwa daidai ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana ita, ya albarkaci karatunta. Zan fara da batun karatun, domin shi ne abin da ya fi damuna a cikin wasiƙarki, kuma a kansa ne za mu auna sauran abubuwan da kika lissafa.

Yarinyar da ke aji biyu ya kamata kafin ƙarshen shekara ta iya haɗa baƙi da wasali su ba da gaɓa, ta haɗa gaɓoɓi su zama kalma, sannan ta karanta gajeriyar jimla ta kuma faɗi abin da jimlar ke nufi. A Hausa wannan yana zuwa da sauƙi fiye da Turanci, saboda wasulanmu biyar ne a rubuce kuma galibi ana rubuta kalma ne yadda ake furta ta, wanda ya sa yaron da ya riƙe ba, be, bi, bo, bu da 'yan'uwansu ya riga ya kama hanyar karanta kalmomi masu yawa. Ki gwada ta a gida cikin natsuwa: ki rubuta mata kafa da ƙafa, bari da ɓari, daka da ɗaka, ki ga ko tana lura da lanƙwasar da ke bambanta su. Idan tana gane haruffa amma haɗawar ke ba ta wuya, minti goma na karatu da ke kowace yamma zai yi tasiri sosai. Idan kuwa haruffan kansu ba ta sani ba, ki nemi ganin malamarsu a wannan makon, kada a jira sakamakon jarrabawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma ajujuwa da yawa a wajenmu sun ninka haka, kuma a irin wannan cunkoso yarinya mai kunya takan iya shekara tana bin bakin 'yan aji ba tare da an gane cewa ba ta karantawa ba.

Murafen kwalba da wake ba wasa ba ne idan malamar ta san abin da take nema da su. Yaro ɗan shekara 7 yana fahimtar abu da hannunsa kafin ya fahimce shi a kan allo. Idan aka ba shi tsinkaye ya ɗaure su goma-goma, sai ya ga da idonsa cewa 23 ɗauri biyu ne da tsinke uku, kuma ranar da aka ce ya cire 7 daga 23 zai kwance ɗauri ɗaya da kansa, wanda shi ne ainihin aron da muke wahalar bayyanawa da alli. Wake kuma yakan tsiro cikin kwanaki kaɗan, don haka yara suna iya auna tsawonsa kowace safiya, su ajiye gwangwani ɗaya a duhu su kwatanta, su hana wani ruwa su ga abin da zai faru. Hanyar gane ko ana cin riba ita ce ki tambaye ta dalili. In ta ce an ɗaure tsinkayen goma-goma ne don a san gidan goma da gidan ɗaya, ko da kuwa da nata kalmomin na yarinta, to koyarwa ake yi. In kuwa waƙa ɗaya ake rerawa tun farkon zango kuma littafinta na rubutu fari fat, akwai abin dubawa.

Wuraren biyu da makarantar ta zaɓa sun dace, kuma ina ganin wanda ya zaɓe su ya yi tunani. Gidan Makama gini ne na ƙarni na 15 da ake dangantawa da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. Sai dai ɗan aji biyu bai san nisan 1463 ba, kuma kuskure ne a tsayar da shi ana jero masa sunayen sarakuna da shekaru. Abin da zai shiga kansa shi ne kaurin bangon ƙasa idan ya dafa shi, da sanyin cikin soro alhali rana na dukan waje, da rufin azara da ya bambanta da kwanon gidansu, da girman ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari. Daga nan ne tambaya ke fitowa: me ya sa aka kewaye Kano da badala, kuma me ya sa ake rufe ƙofa da dare?

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa ta faro tun 1498, ta fi ma dacewa da wannan shekaru, domin darasin kimiyya ne da ake gani ƙiri-ƙiri. Marini zai tsoma farin zane a cikin ruwan baba da aka haɗa da toka, ya ɗago shi yana da ɗan kore-kore, sannan a gaban idon yaran iska ta buge shi ya koma shuɗi, kuma yawan tsomawa shi ke ƙara masa duhu. Za su ga yadda ƙullin da aka yi da zare ke hana baba shiga, har a sami zane mai ado bayan an kwance, su kuma ji ƙarar mabuga suna bugun tufa har ta yi sheƙi. Yaron da ya ga wannan ya san cewa sana'ar hannu tana da ilimi a cikinta, kuma ina ɗaukar wannan da muhimmanci ƙwarai ga yaran da ke tasowa a garin da aka san shi da rini da saƙa da jima tun ƙarnuka da suka wuce.

Amma ziyara tana zama karatu ne da abin da aka yi kafin a tafi da bayan an dawo. Kafin tafiya, malama za ta koya musu kalmomin da za su haɗu da su, irin su marina, baba, soro da azara, ta ba kowane rukuni abu ɗaya da zai lura da shi. Washegari kuma kowa ya zana abin da ya gani, sannan yaran su faɗi jimlolinsu malama na rubutawa a allo: “Mun je marina. Zane ya zama shuɗi.” Waɗannan jimloli su ne za a karanta a wannan makon, kuma yaro ya fi saurin karanta maganar da ta fito daga bakinsa game da abin da ya gani. Kin ga ke nan tafiyar da maigida ke tsoron za ta ci lokacin karatu tana iya zama maganin inda-indar da kike kuka da ita. Idan ba a yi wannan shiri ba, gaskiya mahaifinta yana da hujja, domin abin da za ta dawo da shi bai wuce labarin mota da alewa ba.

Akwai batun lafiya da tsaro da ba na son ki yi sakaci da shi. Ramukan marina a buɗe suke kuma suna da zurfi, don haka a ganina kada babba ɗaya ya riƙe yara fiye da takwas zuwa goma a wurin. Ki tambaya manya nawa za su bi su, ko za a ƙirga yaran da rajista a duk inda aka sauka da inda aka hau, da irin motar da za a ɗauka da yawan waɗanda za a zuba a ciki. A fita da sassafe a dawo kafin azahar, musamman idan lokacin bazara ne, da zafin Kano kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Kowane yaro ya riƙe gorar ruwansa, kuma idan tana da asma ko sikila ki rubuta wa malamar a takardar amincewa, kada ki dogara da saƙon baki.

Game da kuɗi, haƙƙinki ne a yi miki bayanin abin da za a kashe, kuma ina roƙonki ki tayar da maganar yaran da iyayensu ba za su iya biya ba a taron iyaye da malamai, domin barin yaro shi kaɗai a aji yayin da 'yan'uwansa suka tafi yana yi masa ciwon da yakan daɗe. Ba kowace ziyara ce ke buƙatar mota ba: maƙera, shagon tela da gonar da ke bayan makaranta duk ajujuwa ne. Haka nan bukukuwa irin su Ranar Yara ta 27 ga Mayu da ranar al'adu suna da kyau, muddin atisayensu bai cinye makonni na darasin karatu da lissafi ba, kuma ba a ɗora wa iyaye anko mai tsada ba.

Shawarata ita ce ku bar ta ta je, bayan kin ga malamar kin ji shirinta na kafin tafiya da na bayan dawowa da kuma adadin manyan da za su raka su. Idan ta dawo, ki roƙi maigida ya zaunar da ita bayan magariba ta ba shi labarin marina, ya rubuta mata jimla uku daga cikin maganarta da manyan haruffa, ta karanta masa su a daren, ta sake karanta masa bayan kwana biyu.