Aikin laburare a sashen nazarin Afirka

Ka tambayi abin da ake buƙata don riƙe sashen nazarin Afirka a laburaren jami'a. A Amurka, irin laburaren Herskovits na Jami'ar Northwestern da aka kafa a 1954, galibi ana son digiri na biyu a ilimin laburare, da sanin harshen yankin Afirka da za a kula da shi sosai.

Wahalar tana wajen sayo littattafai. Yawancin littattafan kasuwar Kano ba su da lambar ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya), kuma in bugu ya ƙare shi ke nan, don haka ka nemi dillali amintacce. Sai rajista, wato shigar da littattafai cikin kundin laburare: wanda bai iya Hausa ba kan jefa ajami cikin Larabci, mai bincike ya nema ya rasa. Sunaye masu ƙ da ɗ kuwa, shigar da su da lanƙwasa, ka kuma shigar babu ita.